Sifana a Kan Tanki

Auta: Salamu alaikum, Baba. Ina wuni?

Baba: Wa alaikumus salam. Auta ce? Lafiya lau. Ya maigidan naki?

Auta: Yana gaishe ka. Ya ƙafar Mama?

Baba: Da sauƙi. Ya yara?

Auta: Suna nan ƙalau. Ka ci abinci kuwa?

Baba: Mutumin da aka ƙwace wa katin shiga aiki a gaban direbobin da shi ya koya wa tuƙi, wane abinci zai ci?

Auta: Baba…

Baba: Shekara ashirin da shida ina jan kayan fasinja a filin jirgin nan, ko akwati ɗaya ban taɓa kayarwa ba. Yau don na ɗan ƙwanƙwasa tanki…

Auta: Me? Layin yana yankewa.

Baba: Na ce TANKI! Tankin motar jan kaya. Na ƙwanƙwasa shi da sifana in ji ko da saura a ciki. Haka nake yi tun kina ƙarama. In ya ce dum, a cike yake. In ya ce kwal, sai a nufi famfon mai.

Auta: Wancan dizal ne, Baba. Wannan haidurojin ne, iska ce a matse. Ai akwai allo a gabanka da ke nuna maka.

Baba: Allon da rubutunsa kamar ƙafar tururuwa? Mota ba ƙara, ba hayaƙi, ba wari. Da, da hancina nake kama yoyo. Yanzu filin jirgi ya koma gidan mai, bas-bas na gari ma nan suke zuwa sha, har wuta wai mu ke ba unguwa. Mu da muka zo jan akwati!

Auta: Sau uku muka faɗa muku a wurin horo, kada ƙarfe ya taɓa tankin.

Baba: Ai a hankali na buga! Sai jiniya wiii, kowa ya ranta a na kare, jirgi uku suka tsaya cak. Kamar na kunna ashana.

Auta: In ya tsage, ba sai da ashana ba.

Baba: To ai bai tsage ba. Ke, bar wannan. Gobe kwamiti zai zauna, ko a mayar min da motata ko a ce in tafi gida. Ke injiniyarsu ce, suna jin maganarki. Ki ce na'urar ce ta yi kuka haka kawai.

Auta: Ba na'ura ba ce. Mutum ne ya danna jiniyar.

Baba: Na sani! Wannan mai dogon wuyan ne na ofishin lodi, ya daɗe yana hararata. Wallahi in na…

Auta: Ba shi ba ne.

Baba: To wane munafukin ne? Alo? Auta? Kai, wannan waya!

Auta: Ina ji. Ni ce, Baba.

Baba: Ke ce me?

Auta: Ni na danna. Ina ɗakin lura na hango ka a kyamara, ka durƙusa, sifana a hannunka, fuskarka dab da tankin. Nan take na danna.

Baba: Ba ki iya kira na a waya ba? Sai kin tara min duniya?

Auta: Kafin ka ɗauka ka yi bugu na uku. Kuma na riga na rubuta rahoto, yana wurinsu. Zan roƙe su a sake maka horo, da kaina zan zauna in…

Baba: Gobe kina cikin masu zaman?

Auta: Ina ciki.

Baba: To. Ƙarfe nawa zan bayyana a gabanki, ranki ya daɗe?

Auta: Baba, don girman Allah kar ka ce min haka. Baba? Alo? Baba!