Likita Ya Sauke Ni, Ya Bar Preben a Sama

Shugabar ƙungiyarmu ta matuƙa ƙananan jiragen sama, Gunvor. Malaman tuƙi da kuka sha fama da mu. Makanikai da ba a cika gode muku ba. Matanmu da mazanmu da kuka gaji da jira a bakin fili. Da ku ɗalibai da kek kawai ya kawo ku: barkanku da yamma.

Na gode da kuka share rumfar jirage, kuka jera tebura don yi mini bankwana. An ce in yi magana kan bin doka. Zan yi, amma ku sani raina a ɓace yake.

Magana ta farko, doka tana da gaskiya. Dole likita ya duba matuƙi kafin a sabunta masa izinin tashi, kuma ni Ejvind ban taɓa ja da wannan ba, domin a ƙarƙashin fikafikanmu akwai gidajen mutane, akwai makarantun yara. Likita ya saurari zuciyata, ya ce tana tsallake bugu, ya ce na gama tuƙi. Ban yi musu ba.

Magana ta biyu kuwa ga ta can zaune tana ƙarin kek: Preben. Ni da shi muka sayi ɗan jan jirgin nan tun ba mu yi furfura ba, rabi nawa, rabi nasa. Ni ne mai hawan keke ko ana zuba ƙanƙara, ni ne mai cin karas, ni na bar taba. Preben kuwa man shanu yake lafta wa burodi har ka ga sawun haƙoransa, ya girme ni, ya fi ni tumbi. Tare muka je wurin likitan. Ya fito da takardarsa yana waƙa, ya dafa kafaɗata ya ce, "Kada ka damu, tsoho, zan riƙa ba ka labarin gajimare."

Jama'a, hassada nake yi masa. Hassada nake yi masa in gari ya waye garau, hassada nake yi masa duk Asabar da ya bi ta saman gidana yana karkata fikafikai wai gaisuwa. Matata Bodil ta ce in daina fitowa da cokali a hannu ina zagin sama, maƙwabta suna kallo.

Shi ya sa na ce zan sayar da rabona in huta, ga Aksel can ma ya zo da niyyar saye. Amma Bodil ta ce ko na sayar, kunnena ba zai manta ƙarar injin nan ba, sai dai in koma zagin mutum biyu.

To, Aksel, ka yi haƙuri, na fasa. Doka ta hana ni kujerar hagu ta matuƙi, ba ta hana ni ta dama ba. Preben, ranar Asabar ka kwashe tarkacenka daga kanta. Hannuwana zan zauna a kansu, na yi alkawari. Bakina kuwa babu likitan da ya rufe shi, kuma saukar da kake yi kamar an yar da buhun dankali sai mun yi maganarta.

Allah ya ba ƙungiyar nan sararin sama mai kyau, ya sauko da duk wanda ya tashi lafiya, ya mai da kowa gidansa. Allah ya ƙara wa Preben lafiya, ya tsare masa zuciyarsa. Wannan addu'ar da gaske nake yin ta, don ranar da likita ya sauke shi, ni ma na sauka ke nan.

Na gode.