Allurar Maigida a Kula

A tashar Kontagora, motar Tungan Magajiya ta ƙi cika. Wata mata sai buɗe kula take tana rufewa.

"Hajiya, ƙanƙarar za ta narke," in ji mutumin gefenta.

"Ai ta fara! Allurar sugan maigidana ce. Kwana tara ba wuta, firjin solar ƙanwata zan kai. Masu gyaran nan barci suke?"

"Falwaya sha bakwai iska ta kayar. Shida aka tayar."

"Kai ka ƙirga?"

"Ni nake hawansu."

"To me kake yi a mota?"

"Tun ranar ban ga iyalina ba."

Ta sake buɗe kular ta rufe. Ya leƙa taga ya ƙwala kira.

"Direba, kujeru biyun da suka rage zan biya. Mu tafi!"