Walimar Maigadi da Farashin Dala

A bencin rumfar 'yan canji, wani dattijo da ya zo sayen dala don karatun 'yarsa ya ji farashi, ya yi tagumi. Wani mai sayar da wayoyi ya matso kusa da shi.

"Baba, saya yanzu, gobe sai ta ninka."

"Me ya tashe ta haka, ɗana?"

"Ba ka ji ba? Jiya motoci sun cika harabar babban banki, har shugaban bankin ya zo. Taron gaggawa ne, za a karya darajar kuɗinmu."

"In ji wa?"

"Kowa ma! Har manyan kwalaye aka ga ana shiga da su, duk takardu."

Sai dariya ta ƙwace wa dattijon.

"Lemo ne, ɗana. Walimar sallamar maigadinsu aka yi."

"Haba Baba! Ina ka sani?"

"Ni ne maigadin." Ya mayar da kuɗinsa aljihu, ya miƙe. "Shekara talatin ina buɗe ƙofar nan, ko kaza ban firgita ba. Ranar da na bari, kasuwa ta girgiza. Zan dawo jibi, in ƙurar tafiyata ta lafa."