Rigar Shuanzhu da Jakuna Tara

Shugaban gunduma, da sakataren ƙauyenmu na Xigou, da likitar dabbobi wadda ta yo tafiyar awa biyu kan wannan mugun titi, sannunku da zuwa. Dattawan zuriyar Dou, ina gaishe ku. Yaya Guilan, uwar gidan mamaci, sannu da haƙuri. Haisheng, ɗan mamaci kuma ɗana, kai da matarka da jikanyar mamaci, sannunku. Sauran jama'a, maƙwabta da na nesa, kowa ya samu wuri ya zauna, don ni ma da za a bar ni, a zaune zan yi maganar nan.

Sunana Meng Youtian, ga waɗanda ba su san ni ba. Yau kwana arba'in da tara da muka kai Dou Shuanzhu tudun makabarta, bakwai ta bakwai ke nan, ranar da za mu ƙona masa kayansa ya tafi da su. An ce ni zan yi magana saboda na fi kowa daɗewa da shi. Gaskiya ne. Shekara sittin da ɗaya muna tare, kuma a cikinsu ban tuna shekarar da ba mu yi faɗa ba. Na gaji, jama'a. Na gaji da rakiyar sa'o'ina, na gaji da hawa tudun nan ina saukowa ni kaɗai.

Ya kasance mutum mai taurin kai. Ba zan ɓoye ba, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Shekarar da aka raba dabbobin gandun gwamnati gida-gida, kowa yana rububin shanu da alfadarai, shi ya je ya kama igiyar wata gurguwar jaka da ba wanda ya kalla. Na ce masa, "Shuanzhu, kanka ɗaya kuwa? Wannan ko garma ba za ta ja ba." Ya ɗaga mata leɓe, ya nuna mini farin hancinta, da farin da ya kewaye idanunta, da farin ƙasan cikinta, sauran jikin baƙi ƙirin. Ya ce, "Kai ƙafa kake kallo, ni iri nake kallo. Tafi ka auri sanka." Duk jakuna taran da ke bayan katangar nan yau, jininta ne.

Ya kasance mai tsayawa inda kowa ya watse. A wancan zamani jakunan ƙauyen nan sun haura ɗari huɗu, kukansu ke tashe mu da safe. Sai tarakta ta zo, muka sayar. Sai masu sayen fata suka zo da motocinsu, muka sayar da ragowar. Waɗanda suka rage muka bari aka yi musu barbara da kowane irin jaki, har fararen nan uku suka dusashe. Shi kaɗai ya ƙi. Yakan ja namijinsa a ƙafa zuwa ƙauyuka bakwai, duk inda ya ji an ce akwai mace mai irin, kuma bai taɓa karɓar ko kwabo ba sai dai a zuba masa kwanon taliya. Muna yi masa dariya, muna ce masa surukin jakuna. Yana amsawa.

Ya kasance mai kyauta da abin da ba shi da yawa. Kun san jaka ba saniya ba ce, tatsa ɗaya da ƙyar take cika kofin shayi biyu. Amma jikar sakatare, wadda cikinta ya ƙi madarar shanu tana jaririya, wa ya riƙa kai mata kwalba kowace safiya har wata takwas, a cikin ƙanƙara? Ga ta can zaune, ta fi ni tsawo.

Yanzu bari in faɗi nawa laifin, don in ban faɗa ba shi zai faɗa mini a mafarki. Da muka kafa ƙungiyar masu madara, ni aka zaɓa shugaba. Muka tara uwaye talatin da biyu. Sai wani mai gidan abinci ya zo daga birni yana neman naman 'ya'yan jakuna, ya ce shi mutanen birni ke so a cikin gurasa. Na zauna na yi tunanin mai shanu: in aka kwashe 'ya'yan, ai madarar duka tamu ce, ga kuɗin nama kuma. Shuanzhu ya tashi a taron, ya buga tebur.

Ya ce, "Youtian, jaka ba ta sakin nono sai ta ga ɗanta, sai ta ji warinsa. Ba kai take ba wa ba, shi take ba wa, kai satar rabonsa kake yi yana kallo."

Na ce, "Zauna, suruki, an ji."

Aka ɗaga hannu, aka kayar da shi. Mota ta kwashe 'ya'ya ashirin da shida. Nasa shida ne kawai ya kulle a gida ya tsaya bakin ƙofa da cebur. Kafin mako ya zagayo, uwayen nan sun ƙafe ƙaf, suna tsaye bakin shinge suna kuka har muryarsu ta dishe. Ƙungiyar ta mutu a hannuna. Da na sani ƙeya ce. Abin da ya fi ci mini rai, bai taɓa cewa "ai na gaya maka" ba. Da safe kawai ya aiko Guilan da kwalbar madara, wai in sha, ya ji ana cewa ba na barci. Na so ya zage ni, ya hana ni wannan ma.

To, ga inda maganar take. Tun da ya faɗi a bakin turke aka ɗauke shi, uwayen jakunansa suka ƙi kowa. Ga 'ya'yansu a gefe, amma duk wanda ya durƙusa da kwano sai su matse, su juya masa baya. Kwana uku ba ɗigo. Rana ta huɗu sanyi ya kama Yaya Guilan, ta jawo tsohuwar rigarsa ta auduga daga ƙusa ta yafa, ta shiga ba su ruwa. Mai Gardama, jakar nan da take harbin kowa, ta zo ta tura hancinta cikin hannun rigar ta tsaya cak. Guilan ta durƙusa, nono ya zo. Amma yatsun Guilan sun kumbura, ba sa lanƙwasuwa. Sai ta aiko a kira ni. Ta ce, "Youtian, ka taɓa ƙafar da su da wayonka, yanzu zo ka tatse su da rigar mijina." Kwana arba'in da biyar ke nan ina sa rigar mutumin da na kayar a taro, sau uku a yini, gwiwoyina suna ƙara kamar tsohuwar ƙofa.

Yau da safe na zo ban ga rigar a ƙusa ba. Ga ta can saman tulin kayan da za a ƙona, tsakanin takalmansa da kuɗin takarda na al'ada da ake ƙona wa mamaci. Kuma duk wanda ya shigo ta ƙofar gabas ya ga motar Pang mai nama a tsaye, ta zo kwasar jakunan. Pang, ɗan'uwa, kada ka sunkuyar da kai, sana'arka ce, kuma ka yi mutunci da ka jira kwanakin makoki suka cika.

Haisheng, da kai nake. Dube ni. Ba zan ce ka yi laifi ba. Kana da aiki a birni, kana da 'ya a makaranta, uwarka ba za ta iya ba, ni kuma shekarata saba'in da biyu. Na kuma san abin da ke cikin ranka, don ina wurin. Ranar aurenka, ana shirin ku rusuna wa iyaye, aka nemi babanka aka rasa. Ni na je na same shi a turke, hannu dumu-dumu, jaka tana haihuwa ɗan ya zo a juye. Na ce, "Haba Shuanzhu, ɗanka fa yake aure!" Ya ce, "Nawa yana da ƙafa biyu a ƙasa, zai jira. Wannan ba zai jira ba." Ka jira kuwa, a gaban dangin amarya, fuskarka ta yi ja. Ba daidai ya yi maka ba. Na gaya masa, yau ma ina faɗa a gaban hotonsa. Amma ɗan da ya ciro a ranar shi ne Tawada, namijin da ya rage mana shi kaɗai, wanda yanzu haƙoransa suka ƙare. Likita tana nan, ta ce ba ta san wani tsantsar irinsa ba a duk gundumar.

Jaka wata goma sha biyu take ɗaukar ciki. Babanka ya haɗa Tawada da Mai Gardama kafin ƙarfinsa ya ƙare, saura wata huɗu ta haihu. In motar can ta tashi da su yau, shi ke nan, abin da ya ja da igiya shekara arba'in ya ƙare a tukunya. Ba na roƙonka ka bar birni. Ba na roƙonka ka so su, kana da dalilin ƙin su. Wata huɗu nake roƙo, da riga ɗaya. Ni zan yi ciyawa, ni zan yi tatsa, in gwiwa ta ƙi in ja gindi. In ɗan ya faɗo muka ga fararen nan uku, sai ka yanke abin da za ka yanke kana kallonsa.

Dattawan Dou, na san al'ada. Na san in ba a ƙona wa mutum rigarsa ba, da sanyi zai yi tafiyar. Ni ma ina tsoron wannan. Amma ku da kuka san shi, ku gaya mini: da za a tashe shi a ce ya zaɓa, shi ya ji ɗumi ko jakunan su ci gaba, me zai ce? Zagina zai yi don na tsaya tambaya.

Na gode wa shugabanni da suka zo. Na gode wa matan unguwa da suka tashi kan tukunyar gero tun safe, kowa ya ci kafin ya tafi. Mai Sama ya sassauta wa Guilan kaɗaici, ya buɗa wa Haisheng hanyarsa duk inda ya nufa. Kakannin Dou su tarbi ɗansu, su ba shi wuri kusa da wuta.

Kun ji su ko? Rana ta take, lokacin tatsa ya yi, su ba su san makoki ba.

Haisheng, na ga ka ɗauke rigar daga tulin. A'a, kada ka miƙo mini. Ban ce ka yi alkawarin komai ba. Sa ta kawai, ka naɗe hannun, ka shiga ta gefen hagu, kada ka yi magana da ƙarfi.

Kai kuma Shuanzhu, ga takalmanka, ga hularka, ga kuɗin hanya, yanzu za mu kunna. Rigar ce dai ba za ta zo yau ba. Ka yi haƙuri da sanyin, suruki. Kai ma ka jira.