Tire Shida a Jajibirin Sallah

Ranar jajibirin Babbar Sallah, Haladu telan Anguwan Rogo yana tsaye a rumfar mai kwanuka, ya tara cokula a gabansa, yana jujjuya wani mai yatsu yana harararsa. Wani baƙo ya matso yana ƙwanƙwasa manyan tire.

"Malam, otal za ka buɗe ne?" in ji baƙon.

"Ina fa! Shekara goma mutanen layinmu a gidana suke cin abincin Sallah. Bara wani ma'aikacin cibiyar dabbobi ta Vom ya tare kusa da ni, ya jera tangaran da cokula. Sai da suka fara leƙa can, sannan suka zo suna cin tuwona suna yabon farantansa!"

"Mai farar Fijo? Ai ogana ne, watan jiya na fara tuƙa shi."

Haladu ya juyo ya dube shi.

"Shi ya aiko ni neman tire," baƙon ya ci gaba. "Ya ce bara baƙinsa sun yi ta kokawa da cokali, nama na tsalle, kowa ya tashi da yunwa. Suka zarce gidan wani tela, yana jiyo dariyarsu ta katanga har la'asar. Bana ya rantse da hannu za a ci, ya ƙwace su gaba ɗaya."

Haladu ya ajiye cokalin a hankali.

"Mai kaya, tire nawa suka rage?"

"Shida, Malam."

"Ɗaure min duka."

"Haba! Ni kuma in ce wa oga me?"

"Ka ce telan yana gaishe shi. Cokula kuwa ga su nan jingim, ya ƙaro."