Ciyawar da Hughie Ya Kawo daga Lisbon

Mai girma shugaban wannan reshe na magoya bayan ƙungiyar ƙwallo ta Celtic, Con Docherty, wanda ni na haife shi, saboda haka ya daina yi mini nuni da agogo. Fada Gallacher, uban cocinmu. Dattawan kujerun gaba na motar reshe mai kai mu kallon wasa, da 'yan kujerun baya marasa kunya. Jama'ar unguwar Parkhead ta nan Glasgow, maza da mata, barkanmu da wannan rana!

Na gode da abinci, na gode da kuka tuna da tsohuwa. Jibi zan koma gidan 'yata, shi ya sa kuka haƙo ciyawar bayan gidana, ga ta nan a faranti, kuka rubuta a allo wai "Ciyawar Lisbon", kuka ce ni, Mena Docherty, in sa hannu in shaida. A gaban Fada! To, ku bari in yi magana uku tukuna.

Ta farko, asalinmu. Ƙungiyar nan ba don kofi aka kafa ta ba. A 1887 yaran unguwar nan suna kwana da yunwa, aka ce a buga ƙwallo a cika musu tukunya. Daga tukunyar miya muka fito, kada wanda ya manta.

Ta biyu, abin da muka yi. Kofin ƙasa sau tara a jere, har hannu ya gaji da tafi! Sannan ga 1967, shekarar da duk gasar da muka shiga sai da muka kwashe. Ashirin da biyar ga Mayu, a Lisbon, Inter Milan suka fara zura mana, muka rama, muka ƙara. Kofin Turai, jama'a! Kafin mu babu ƙungiyar Birtaniya da ta taɓa ɗaga shi. Kuma 'yan wasa sha ɗayan nan, babu wanda aka haifa nesa da mil talatin daga filinmu.

Ta uku kuwa, wayyo ni. Mijina Hughie, Allah Ya ji ƙansa, yana cikin waɗanda suka afka fili ran nan. Ya dawo ba takalmi ɗaya, ba murya, amma da guntun ciyawa a cikin hularsa. Ya dasa ta gindin igiyar shanya, ya ce, "Mena, ki taka ni, kada ki taka wannan."

Ban taka ba. Ruwan wankin ƙunzugun Con na watsa mata, da zafinsa, da sabulunsa. Kafin Hughie ya taso daga aikin gyaran jirgin ruwa ta zama kamar gashin masara. Na ɗauki wuƙar burodi, na tura keken jariri har filin shaƙatawa na Glasgow Green, na yanko ciyawar da karnuka ke birgima a kai, na ɓoye ta ƙarƙashin yaro. Ranka ya daɗe shugaba, kai ka zauna a kanta har gida, na dasa ta a gurbin ta Lisbon.

Shekara hamsin da ɗoriya kuna layi a bayan gidana kafin kowane wasan ƙarshe. Kun shafa, kun durƙusa. Fada, kai har sumba ka yi mata, ina kallo ta taga, na kusa haɗiye cokali!

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Da Hughie ya kwanta ciwon ajali na faɗa masa, ina kuka wiwi. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ya ce, "Ke dai, sakarya, tun ran nan na gane. Ta Lisbon ta taɓa yin kore haka? Ki bar su su shafa. Yaran da suka ci kofin, a wace ƙasa suka tsiro?"

Saboda haka ba zan sa hannu a allon nan ba. Ku goge Lisbon, ku rubuta Glasgow. In kun ga dama ku kore ni daga mota, amma ku sani ciyawar gida kuka yi ta sumba, kuma ba ta ba ku kunya ba.

Allah Ya ji ƙan waɗanda suka riga mu, Ya raya yaranmu, kada ɗaya ya kwana da yunwa a unguwar nan. Allah Ya ba masu tsaron bayanmu hankali ranar Asabar. Con, rufe bakinka, ka ba wa Fada ruwa.

Na gode.