Rakodar Alhaji Ta Yi Shiru

Assalamu alaikum mai gabatarwa, sannu da aiki. Ni ce Hajiya Dudu daga Garwa.

Shekarun baya maigidana, Allah ya jiƙansa, ya sayi babbar rakoda mai lasifika biyu, irin ta masu hali. Mai shagon bai karɓi ko dala ba sai da ya kawo ta gida da kansa. Ya zauna kan tabarma ya ce, "Alhaji, sa kaset ɗin da kake so. In sautin bai kwanta maka ba, in koma da abata." Duk sallah kuma yakan zo ya goge cikinta, ya sha shayi ya tafi.

Da ita nake jin kaset ɗin da Alhaji ya aiko mini daga Yagwa lokacin da yake fataucin shinkafa. A ciki yana tambayar yara ɗaya bayan ɗaya, har tarinsa ana ji.

Bana rakodar ta tsaya. Ɗana ya sayo mini sabuwa mai tsadar gaske, sai walƙiya take, amma babu wurin sa kaset. Da muka mayar, mai shagon ko ɗaga kai bai yi daga wayarsa ba. Ya ce, "Mama, an buɗe kwali, ba a mayarwa."

Don Allah masu sauraro, in akwai mai gyaran tsohuwar rakoda tsakanin Garwa da Ngong, ya sanar da gidan rediyon nan. Sabuwar har bango take girgizawa, amma tun azumi ban ji Alhaji ya tambayi yaransa ba.